Bushiya Mai Jan Zare

Ni ce Shekara mai ƙuli, kuma duk wanda ya san ni a Matameye ya san bakina ba ya rufuwa. Ba sai an faɗa mini ba, na sani. To yau bakin nan zai yi aikin kirki, zan ba ku labarin maƙwabciyata Baiwa mai gyaran amare. Shekara ashirin da shida katanga guda ce tsakanina da ita, amma bara saura ƙiris in rasa ta a kan wani ɗan abu da tsawonsa bai kai cokali ba. Ta san zan faɗa. Ita ma ta ce in faɗa, wai tunda ko an hana ni sai na faɗa, gara in faɗa daidai.

A Dungu aka haife ta, ƴar wanzami ce. Mahaifinta shi ke zagaya ƙauyukan nan ranar suna, ya yi wa jariri aski, ya cire beli, ya yi zane in dangin suna so. Aska ɗaya gare shi wadda ya gada, in ya gama da wannan gida ya goge ta a tafin hannu ya wuce na gaba. Haka ya ga ubansa yana yi, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifinsa. Ita kanta Baiwa shi ya yi mata ƴan tsaga biyu a gefen ido, iri ɗaya da na ƙaninta Yasin. Har yau in ta yi dariya sai tsagar ta shige cikin kumatu.

Shekara ɗaya aka kawo mu unguwar nan, ni daga Icirnawa, ita daga Dungu. Mijinta Malam Yunus tela ne, mutumin da za ka yini a gidansa ba ka ji muryarsa ba sai ta kekensa. Ita kuwa ba ta iya zama haka nan ba. Ta yi shekara tara tana shara da wanke kayan aiki a ɗakin haihuwa na dispansar, kuma daga can ta ɗauko wata ɗabi'a da ta ishe mu, wato wanke hannu. Kai, matar nan! Ko albasa za ta yanka sai ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta bi ƙarƙashin farce. Na sha ce mata wata rana sai fatar ta bi ruwa. Da bayanta ya fara ciwo ta bar aikin, ta koma lalle da kitso, daga nan dilka da halawa, har ya zamana amaryar da ba ta bi ta hannun Baiwa ba sai mata su riƙa cewa kamar da saura.

A unguwarmu kuwa, aro shi ne zaman tare. Turmi, tukunyar biki, sarƙa, mayafi, har takalmi in ƙafa ta zo ɗaya, ba a hana wa maƙwabci. Macen da aka zo aro wurinta ta ce babu alhali akwai, sai ta yi wata guda ana nuna ta da baki. Ni da Baiwa mun wuce ma wannan. Akwai inda katangarmu ta zube kaɗan wajen dogon yaro, ta nan muke miƙa wa juna komai. Kullum da hantsi sai na ji muryarta: "Shekara, ara mini rariya!" Shekara ashirin da shida, wallahi matar nan ba ta taɓa sayen rariya ba. Na canza rariya ta fi goma, duk a hannunta suka tsufa. Ni ma kuma in na lissafa abin da na kwaso daga gidanta sai kunya ta kama ni, don haka ba na lissafawa.

Shekara uku da suka wuce ta tafi Kano ta yi wata guda, ta koyo wani sabon aiki wurin wata mata da ke aiki tare da likitan fata. Ta dawo da kwali. A ciki akwai wasu ƴan abubuwa kowanne cikin ledarsa a rufe, mariƙinsu kamar na buroshin haƙori, a bakinsu ƴar taya da aka jera wa allurai ƙanana waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Suna da sunan Turanci da ba wanda ya iya riƙewa. Ni ce na kalle su na ce, "Wannan ai bushiya ce." Shi ke nan suna ya bi su, yanzu har a Kance bushiya ake ce musu.

Na ce mata, "Me ake yi da ita?" Ta ce gangara ta ake yi a fuska, ta huda fata ƴan huji ƙanana, fatar ta zaci an ji mata ciwo ta tashi gyaran kanta, ramukan da ƙuraje suka bari su riƙa cikowa a hankali. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Ke dai jinin wanzamai ya motsa. Tsoho ya tsaga, ke kin zo ki huda."

Abin da ya ba mutane mamaki, waɗanda take mayarwa gida sun fi waɗanda take yi wa yawa. Mace za ta zo ta zauna, maimakon ta dubi fuska sai ta fara da kunne. In ta ga hujin ɗan kunne ya taɓa yin tsiro, ko wani tabo a jiki ya kumbura ya yi tudu, sai ta ce, "Ƴar uwa, fatarki ba ta son allura, ki haƙura." In ƙuraje suna ɗanye da ruwa a ciki, ba ta taɓawa, wai allura za ta kwashi ƙwayar cutar ta shuka ta ko'ina a fuska. Mai ƙurjin zazzaɓi a leɓe ta jira ya warke. Mai ciki ta jira ta sauka. Masu shafe-shafen man fari kuwa, tun daga ƙofa take gane su, ta ce fatarsu ta riga ta yi laushi kamar takarda, su daina man tukun su je su ga likita. In ramukan sun yi zurfi sosai ta ce wannan na doguwar allura ne, doguwar allura kuwa ta asibiti ce, su tafi Damagaram. Wasu suna fita suna zaginta. Ko a jikinta, sai ta ɗauki buta ta sake wanke hannu.

To ga ƴata Najaha, ta uku a ɗakina. Yarinya ce mai hankali, amma ƙurajen balaga sun bar mata ƴan ramuka a kumatu, kuma abin yana cin ranta. Ba ta shiga hoto. In an yi baƙi sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Idrisa mai gyaran babur da ya zo neman aurenta ya rantse shi ko ganin ramukan ba ya yi, amma wa ya tambaye shi? Da aka sa rana, saura wata huɗu, ita da kanta ta leƙa ta katanga ta ce, "Inna Baiwa, ni fa?"

Baiwa ta dubi kunnenta, ta dubi fuska a hasken rana, ta ce ƙurajen sun mutu tun tuni, za a iya. Ina zaune aka yi na farko, don ni ban yarda a huda mini ƴa a bayan idona ba. Ta wanke hannu irin wankin nan nata. Ta sa safar roba. Ta wanke wa Najaha fuska da sabulu marar ƙamshi, ta tsane da auduga mai tsabta. Sannan ta ɗauko leda ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Ke za ki yaga da hannunki, ki ga sabuwa ce." Ta ɗaga bushiyar a haske tana duba ko akwai allurar da ta lanƙwashe, wai lanƙwasasshiya yanka take yi, ba huda ba. Ta ja fatar kumatu da yatsa biyu, ta gangara a hankali, sama zuwa ƙasa sau kaɗan, ta ɗaga, ta koma gefe zuwa gefe. Ba ta dannawa. Kusa da ido da kan leɓe kuwa ko kusantar su ba ta yi. Na ce, "Ke, danna mana ta shiga da kyau!" Ta ce, "Shekara, ba ƙuli nake matsa ba."

Da ta gama fuskar ta yi ja kamar wadda ta sha tafiya a rana. Sai dokoki suka biyo baya, kuma su ne suka fi ba ni haushi. Ba hoda, ba lemon tsami, ba sabulun salo, ba dilka, ba turaren wuta a fuska har kwana uku. Ba sosawa, ba taɓawa da hannu. Ruwa mai tsabta da ɗan mai marar ƙamshi kawai. Rana kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, wai irin fatarmu in rana ta buge ta tana cikin warkewa sai ta yi baƙi-baƙi wuri-wuri, a zo gyara a ɓata. Aka sayo man kariyar rana a farmasi, aka ba ta laima. Kuma wai ba za ta tsaya mini kan kaskon suya ba sai bayan mako. Ni kaɗai na sha hayaƙi ina mita, gimbiya tana ɗaki. Sai bayan wata guda cif aka yi na biyu, bayan wani watan aka yi na uku, kuma daga nan Baiwa ta ce an rufe, ba za a sake taɓa fuskar ba har biki.

Duk ranar da ta gama, a gaban ido take cire kan bushiyar da filaya ta jefa cikin wani gwangwanin madara mai murfi. In ya cika ta kai dispansar a ƙone tare da allurai. Ni kam abin yana sosa mini rai. Abu fes, sau ɗaya aka yi aiki da shi, a jefar! Amma gaskiya aiki ya yi kyau. Ramukan ba su ɓace duka ba, dama ta faɗa tun farko ba za su ɓace duka ba, sai dai sun lafa. Rannan na tarar da Najaha tana ɗaukar kanta hoto da salula tana murmushi ita kaɗai. Na koma ɗaki na yi hawaye, na gode wa Allah.

Saura mako biyu biki, ƙanwar maigidana Badariyya ta zo daga Kance da ƴarta Jamilatu don taya aiki. Kun san al'adarmu: ragowar lallen amarya ƴan mata ke wawashewa, haka ragowar dilkarta da turarenta, kowace ta shafa don albarkar amarya ta bi ta, ita ma ta samu miji. Jamilatu kuwa ta kai ashirin da bakwai, uwarta ta fara ƙosawa. Badariyya tana ganin fuskar Najaha ta tafa hannu ta ce, "Yaya Shekara, ai bushiyar da aka yi wa amarya ita za a aro a yi wa tawa. Ga gyaran fuska, ga albarka." Ni ma sai na ga maganar ta zauna. Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baiwa ce fa."

Muka shiga mu uku. Na faɗi abin da ya kawo mu ina wani ɗaga kai, don in nuna wa dangin miji irin aminiyar da nake da ita. Baiwa ta ce, "Ta Najaha tana cikin gwangwani. Ko da tana nan ma, bushiya ba a aronta. Jini take taɓawa." Na ce to a yaga sabuwa, a ɗan goga a hannun amarya don albarka, sannan a yi wa Jamilatu. Ta ce shi ma ba a yi. Ta ɗaga haɓar Jamilatu ta duba, ta ce cikin taushi, "Ƴata, ƙurajenki ɗanyu ne. Ki fara zuwa a ba ki magani su mutu, bayan biki ki dawo in yi miki da hannuna."

Badariyya ta taɓe baki ta dube ni. Wannan kallon shi ya kunna ni. Na ce, "Ni, Baiwa? Ni za ki ce wa ba a aro? Shekara nawa kina cinye mini rariya?" Ta ce, "Shekara, zauna in yi miki bayani." Ina! Bakin ya riga ya ɓalle. Na ce, "Bayanin me? Don kin yi wata guda a Kano kin zama likita? Ubanki da aska ɗaya ya yi wa ƙauye goma aiki, wa ya mutu?"

Fuskarta dai ta canza, ta juya ta shiga ɗaki. Ni kuwa na fito ina huci, ina jin na ci nasara.

Washegari da hantsi na rataye rariya a inda na saba, ina jira. Shiru. Jibi ma shiru. Kwana biyar ina jin ta tana tankaɗe da wani tsohon mayafi, ita ba ta kira ba, ni ban miƙa ba. Ina suya ina zage-zage, yara suka daina bi ta gabana. Maigidana ya ce in je in ba ta haƙuri, na ce sai dai ita ta zo. A raina kuwa tsoro ne fal, wai a ce za a yi bikin ƴata ba Baiwa a kusa da ni.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma Badariyya ba ta bar ni na huta ba, kullum sai ta ce, "Ashe dai amincin na baki ne." Sai na tuna wani abu. A ɗakin Baiwa, bayan madubi, akwai wata bushiya cikin ɗan akwatin roba da aka ɗaura wa jan zare a mariƙi. Na sha ganinta. A tunanina ita ce mai kyan, wadda ta ɓoye wa kanta. Ranar kasuwa na ji fitar Baiwa, na san Malam Yunus yana shago. Na tsallaka ta wajen dogon yaro, ni da jikin nan nawa, na shiga ɗakin da na fi sanin sa fiye da nawa, na ɗauko. Ina tafe ina ce wa kaina ai ba sata ba ce, aro ne.

Wajen azahar ne, bazara, ƙasa ta yi zafin da ko akuya ba ta taka ta. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na zaunar da Jamilatu. Na sa Najaha ta riƙe bushiyar ta busa mata albarka, yarinyar tana ta cewa, "Inna, kada ki yi, Inna Baiwa ta hana." Na daka mata tsawa. Ko hannu ban wanke ba, mai ne ma a jikinsa. Na ja kumatun Jamilatu da yatsa biyu kamar yadda na ga ana yi, na ɗaga bushiya.

"Shekara! Ajiye!"

Baiwa ce a bakin zaure, ba takalmi, ba mayafi, ɗankwali a hannu. Ashe ta dawo yin salla ta ga madubi a karkace. A guje ta zagayo ta kan yashin nan mai ƙuna. Ta fizge abin daga hannuna tana haki, ta kama fuskar Jamilatu tana dubawa. "Ta taɓa ki? Faɗa mini gaskiya, ta taɓa ki?" Jamilatu ta ce a'a, ko kaɗan. Sai Baiwa ta zauna daɓas a ƙasa tana salati.

Ni kuma, marar kunya, har na buɗe baki zan ce wani abu. Ta ɗaga mini hannu.

"Wannan tawa ce," in ji ta. "Goshina nake yi da ita, jinina ne a jikinta. Shi ya sa na ɗaura mata zare, don kada ko ni in yi kuskure. Ina da ciwon hanta a jinina, Shekara. Kin tambaye ni wa ya mutu. Yasin ya mutu."

Innalillahi. Na san Yasin, ni na dafa abincin sadakar ukunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na ga yadda cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma ruwan ƙwai, amma mu a lokacin sammu muka ce. Ta ce likitan da ya duba shi a Damagaram shi ya ce duk ƴan ɗakinsu su yi gwaji, aka samu ita da wasu biyu suna ɗauke da shi. Likitan ya ce ba za a iya rantsewa ta ina ya shiga ba, ko wajen haihuwa, ko ta aska. Ita dai tun ranar ba ta sake yarda ƙarfen da ya taɓa jinin wani ya taɓa wani ba. Lafiyarta ƙalau, duk wata shida take zuwa a duba ta. Tafiyar nan da take ce mini za ta gaida ƴar uwa a Damagaram, ashe ita ce. Malam Yunus ya sani, an gwada shi da yara, an yi musu rigakafi.

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya, Baiwa? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta dube ni, ido jawur, ta ce, "Ke fa, Shekara?"

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ta faɗa. Da ta gaya mini da hantsi, kafin la'asar an ji a tasha. Ta tashi ta kaɗe zaninta, ta dubi Badariyya, ta dube ni, ta ce, "To yanzu kun ji. Wa zai sake kawo mini fuskarsa?" Ta fita tana ɗingishi, don yashi ya ƙona mata tafin ƙafa.

Ban yi wata-wata ba, da safe na tafi dispansar na tare wata ma'aikaciya da na sani tana sayen ƙulina. Ban kama suna ba, kun ji ikon Allah, ni Shekara ban kama suna ba. Na tambaye ta ko ana ɗaukar ciwon nan ta kwano ko ta moɗa. Ta ce a'a. Ta jini ne, allura da aska da reza, da wajen haihuwa, da auratayya. Cin abinci tare, gaisawa, kitso, lalle, duk ba komai. Ta ce akwai rigakafi, in kawo mutanen gidana a gwada su. Da na dawo na ja Badariyya ɗaki na ce mata in na ji maganar nan a bakin kowa, daga nan har Kance, ni da ita ne. Ni da kaina na yi kwana takwas ban faɗa wa ko maigidana ba. Har ciwon kai na yi.

Na je ban haƙuri. Ta karɓa, ta ce ya wuce. Ta zo ta yi wa Najaha lalle mai kyan da ba a taɓa gani ba a unguwar. Amma ba Baiwar da na sani ba ce. Ba ta shan ruwa a gidana, ba ta zama kan gadona, in na miƙa mata abu sai ta ce ta ƙoshi. Tana gama aiki ta tattara ta tafi. Rariya kuwa tana rataye.

Ranar yinin biki gida ya cika maƙil. Najaha ta fito fuska a buɗe, ba ta ja mayafi ba ko sau ɗaya, masu salula suna ta ɗauka tana dariya. Aka sauke shinkafa, mata suka zauna biyar-biyar, shida-shida a kan faranti. Ina cikin rabon nama na ɗaga kai na hango Baiwa can gindin dogon yaro ita kaɗai. Ta zo da ɗan kwanonta daga gida, da kofinta. Matar da muka yi shekara ashirin da shida muna tsoma hannu a kwano ɗaya.

Na ajiye ludayi. Na ratsa mata, na tsallake ƙafafu, na je na ɗauke kwanon daga cinyarta na juye cikin farantina. Na zauna na ce, "Sa hannu." Ta ce a hankali, "Shekara, mutane." Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mutanen me? Uwar amarya ce za ta ci ita kaɗai kamar baƙuwa? Sa hannu, ko in ɗura miki!" Na ɗauki kofinta na shanye kunun da ta rage. Tana kallona. Sai ga Jamilatu ta taso ta durƙusa kusa da mu ta ce, "Inna Baiwa, a matsa mini." Badariyya ta daɗe tana kallo daga nesa, daga baya ita ma ta jawo kujera. Baiwa ta sa hannu, amma sai da ta tashi ta wanke shi tukun, har gwiwar hannu.

Bayan biki ita da bakinta ta fara faɗa wa duk wadda ta zo gyara. Tana nuna musu safar roba, da leda a rufe, da gwangwani, sannan ta ce, "Ni ina da shi, shi ya sa nake tsare ku." Wasu sun gudu, ba zan ɓoye ba. Amma waɗanda suka zo sun fi su yawa, har daga ƙauyuka, kuma mata da dama sun je gwaji ta dalilinta. Mu ma duk gidanmu mun je. Jamilatu ta sha maganinta wata uku, ƙuraje suka mutu, ta yaga sabuwar leda da hannunta aka yi mata. Miji dai har yanzu yana hanya, uwarta ta ce laifin Baiwa ne da ta hana albarka.

Ni abin da na fi riƙewa shi ne washegarin biki. Gida ya yi shiru, an kai amarya, ga tukwane jibge, ga ni zaune ina kewar ƴata. Hantsi ya ɗaga. Sai na ji gyaran murya ta wajen dogon yaro.

"Shekara!"

Na yi kamar ban ji ba.

"Shekara, ara mini rariya."

Na ce, "Ba a aro."

Ta ce, "Ke dai miƙo, garina yana jira."

Na tashi na ciro ta daga ƙusa, na goge ido da bakin zane don kada ta gani ta yi mini dariya, na miƙa mata ta katanga. Har yau ba ta dawo da ita ba.